Hutun Hassana a Bakin Teku

Hassana ungozoma ce a wani asibiti a cikin birni, gidansu kuma a Zaitawa, ita da tsohuwarsu Inna. Shekararta arba'in da shida, ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi na madatsar Tiga ba, shi ma daga cikin mota. A watan Satumbar 2002 aka ba ta hutun wata guda, sai ta ɗaura niyyar ziyartar yayanta Isiyaku. Shi tun yana saurayi ya bi fataken goro zuwa Kwaddibuwa bai dawo ba. Ya auri 'yar can mai suna Akuba, ya buɗe rumfar tsire da shayi a wani ɗan gari na bakin teku kusa da iyakar Gana.

Garin ya ba ta mamaki. Ba mai sauri, ba mai ɗaga murya. Masunta na kwance gindin kwakwa suna ɗinkin koma, Turawa 'yan yawon buɗe ido na yawo ba takalmi. Da hantsi sai ka ga mutane sun rungumi wani dogon katako mara nauyi sun faɗa ruwa, su jira igiyar ruwa ta taso, su miƙe tsaye a kai ta kwaso su zuwa gaɓa. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne har da yayanta a ciki, da furfurarsa.

"Haba Yaya! In Inna ta ga wannan ai sai hawan jininta ya tashi."

Ya yi dariya. "Ke dai zo ki sa ƙafa."

Ba ta sa ba. Daga rumfa take kallo, mayafinta a naɗe, tana shan ruwan kwakwa.

Kwana tara ta yi a haka. Ranar Alhamis da safe ta fito ta tarar an kewaye rediyon rumfar. Ba ta jin Faransanci, amma ta ga fuskar Akuba. Sojoji sun yi bore, an kwana ana harbi a Abijan. Kafin mako ya zagayo Turawan nan duk sun watse, motocinsu sun kwashe su. Sai labari ya fara zuwa cewa ana ƙona unguwannin baƙi, ana tare hanya ana duba takarda, in sunanka ya yi kama da na 'yan arewa ko na baƙo a sauke ka daga mota.

Ran nan Akuba ta raka ta kasuwa, suka iske samari sun gindaya itace a hanya, da adduna a hannu. Wani ya nuna mayafin Hassana ya yi mata tambaya. Ba ta gane abin da ya ce ba. Ya matso har tana jin warin giya a numfashinsa, ya sa bakin addar ya ɗaga gefen mayafin. Akuba ce ta shiga tsakani tana zazzaga masa masifa da yarensu, tana kiran sunan uwarsa, don ta san gidansu. Ya ja baya, amma ya bi Hassana da ido har suka sha kwana.

A gida Akuba ta ba Isiyaku labarin abin da ya faru.

"Gobe za ki tafi," ya ce. "Hanyar mota ba ta biyuwa. Akwai wani masunci mutumin Gana, Kwamina, zai koma gida da kwalekwalensa. Sai dai ba zai iya zuwa gaɓa ba, jandarmomi, 'yan sandan ƙasar, na zaune a inda ake sauke kifi. Zai tsaya can bayan igiyar ruwa."

"To ni yaya zan kai can?"

Ya dubi katakonsa da ke jingine da bango.

"Wallahi Yaya gara su kashe ni a tudu."

"Hassana, yaron nan ya ga fuskarki. Ni ina jin yarensu, dangin Akuba za su ɓoye ni. Ke da me za ki kare kanki?"

Da gari ya waye suka bi ta gonar kwakwa zuwa wani lungu da ba kowa. Ta ƙulle fasfo a leda ta ɗaura a ƙugu. Kwalekwalen na can, ɗan mitsitsi, yana ɓacewa yana bayyana. Isiyaku ya kwantar da ita rubda ciki a kan katakon.

"Riƙe nan da nan. In na ce ɗauke numfashi, ki ɗauke. Kada ki saki ko me ya faru."

Ya tura katakon cikin ruwa, yana iyo a bayanta. Ruwan ya fi yadda ta zata sanyi. Igiyar farko ta mare ta a fuska, gishiri ya cika mata hanci. Ta biyu ta taso kamar katangar gida. "Ɗauke!" Duniya ta yi duhu, ƙara ta cika kunnenta, wani abu ya fizge mayafin daga kanta. Ta fito tana tari tana salati, yatsunta sun ƙage a jikin katako. A ta uku ta waiga ba ta ga Isiyaku ba. Ta ƙwalla masa kira, ruwa ya shige mata baki. Katakon ya fara juyawa da ita zai ba igiya gefe. Sai ta ji an cafki ƙafarta an miƙar da shi. Isiyaku ya ɓullo yana haki, goshinsa na jini.

"Ina nan. Saura kaɗan."

Hannuwa huɗu suka ja ta cikin kwalekwale, ta zube kan koma tana amai. Wata mata ta lulluɓa mata zani a ka. Kafin ta iya ɗagowa an tayar da inji, Isiyaku ya riga ya juya. Ko sallama ba su yi ba.

Kwana shida ta yi a hanya, daga Gana zuwa Legas zuwa Kano. Da ta shiga soron gidansu Inna na zaune a tsakar gida tana tsinar shinkafa. Ta dubi bayan Hassana tukuna, sannan ta dube ta.

"Ina ɗan'uwan naki?"

"Yana lafiya, Inna," ta ce, alhali ba ta sani ba.

Maƙwabcinsu Alhaji Ashafa ne mai tarho a layin. Kullum in ta taso daga aiki sai ta tsaya ƙofar gidansa ta ji ko Isiyaku ya bugo, ya girgiza kai, ta wuce. In ta sunkuya alwala ruwa ya taɓa fuskarta sai gabanta ya faɗi. A rana ta goma sha tara Alhajin da kansa ya yi sallama, ya ce ta zo da sauri.

Muryar na yankewa, amma ta Isiyaku ce. An ƙone rumfar, suna ƙauyen su Akuba, kowa lafiya. Ya tambaya ko Inna ta san yadda aka yi ta fito.

"Ban faɗa mata ba."

"To kada ki faɗa," ya ce. "Kawo min ita mu gaisa."

Hassana ta ajiye kan tarhon a gefe, ta fita da gudu ba takalmi ta je ta kamo hannun tsohuwar.