Fiyanon Malam Taka-Tsaya

Shekara biyu ke nan da kunnuwan malamin kiɗa suka fara mutuwa, kuma bai gaya wa kowa ba. Na hagu ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali, har ya zama ko ƙarar ƙararrawar makaranta ba ya ji, sai dai ya ga yara sun miƙe shi ma ya miƙe. Tsoronsa ɗaya ne, kuma ba na banza ba ne: wa zai bar kurma yana koyar da kiɗa? In aka karɓe ajin nan, babu abin da ya rage masa sai ɗakin haya da kujera guda, tunda matarsa ta rasu, 'yarsa tilo kuma tana aure can nesa. In ta kira waya sai ya ce mata layin ba kyau, ta turo saƙo.

A ɗakin malamai an daɗe da yanke masa hukunci. Wasu su ce miskili ne, wasu su ce girman kai ne, a yi masa magana ya yi kunnen uwar shegu. In ya ga ana dariya sai ya taya, wani lokaci a makare, har aka daina sa shi cikin hira. Shi ya sa yake cin abincin rana a ajinsa, ƙofa a rufe. Kaɗaicin yana damunsa ƙwarai, amma ya fi masa sauƙi a kan tonon asiri.

Larura ce ta sa ya ƙirƙiro wasan. Tunda ba ya jin yaran, sai ya nemi hanyar ganin kiɗan a jikinsu. Yakan sa a ture bencina jikin bango, ya zana alamomin kiɗa da alli a ƙasa, manya-manya, daga ƙofa har allo. Farin ƙwai, a ja ƙafa a ƙirga huɗu. Baƙi mai sanda, taku ɗaya. Tagwaye masu riƙe da hannun juna, tsalle biyu da sauri. In an zo kan lanƙwasasshiyar alamar hutu kuwa, kowa ya ƙame, wanda ya motsa ya fita. Shi yana gefe yana danna ƙaramin fiyanonsa mai aiki da lantarki, yatsunsa sun san hanya ba sai da kunne ba. Daga nan yara suka laƙaba masa Malam Taka-Tsaya, kuma har ransa yana son sunan.

Ranar Laraba shugabar makaranta ta shigo ba sanarwa. Mace ce mai son tsari, iyaye sun yi ta yaba mata wasan, ta ce bari ta gani da idonta. Ta ja kujera ta zauna a bayan aji, littafi a cinya. Malam ya gaishe ta, ya lura da leɓenta har ya gane ta ce ya ci gaba.

Ya jera yaran, ya ɗaga kai alamar a fara. Zagaye na farko ya tafi lafiya. A na biyu ma sai suka fi kyau, yara talatin suna ja, suna takawa, suna tsalle tamkar mutum ɗaya, leɓunansu na ƙirga. Da suka iso alamar hutu suka ƙame, har da sarkin rawar kan ajin, wanda bai taɓa kai ƙarshe ba a kore shi ba. Daɗi ya kama Malam. Ya ƙara wa kiɗan ado, yana kaɗa kai, ya ja shi har ƙarshen layi ya rufe da hannu biyu. Sannan ya juya wajen Shugaba yana murmushi.

Ba ta rubuta komai ba. Kallonsa kawai take yi, sannan ta kalli gindin bango. Ya bi idonta. Wayar fiyanon tana yashe a ƙasa, ƙafar wani yaro ta fizge ta daga soket, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Ashe duk wannan kaɗa kan da ya yi, ajin tsit yake, ba a jin komai sai takun ƙafafu.

Wata 'yar ƙarama mai wushirya, wadda kullum take gaba a layi, ta juya tana yi wa Shugaba bayani da hannuwa. Malam ya karanta bakinta daga gefe. Cewa take ba laifin Malam ba ne, ai wayar takan cire wani lokaci, su dai sai su ƙirga a zuci su ci gaba, don kada ya ji kunya.

Shugaba ta taso ta tsaya dab da shi, ta saita fuskarta da tasa, ta yi magana a hankali tana buɗe baki sosai, yadda ake yi wa wanda ba ya ji.

"Malam, in an tashi ka same ni a ofis."

"To, ranki ya daɗe," ya ce. "Saura minti goma. A bar ni mu yi zagaye ɗaya."

Sai ta sunkuya da kanta ta mayar da wayar cikin soket. Yara suka koma bakin ƙofa suka jeru. Ya ɗora yatsunsa ya danna, ya ga fuskokinsu sun washe gaba ɗaya, har mai wushiryar ta ɗaga masa babban yatsa wai sautin ya dawo. Ya gyaɗa mata kai ya ci gaba da kaɗawa. A wajensa dai babu abin da ya bambanta wannan zagayen da wanda ya wuce.