Marin Kwamfuta

A shagon sassaƙa ƙofofi da ke ƙarshen layin kafintoci, kowane abu yana da rabonsa na duka. Fanka idan ta ƙi juyawa a maka mata sanda, rediyo idan ta shaƙe a buga ta da tebur. Ita kuwa kwamfutar da ke sarrafa injin sassaƙa, mari take sha a gefen akwatinta, har fentin wajen ya goge ya bar shatin tafin hannu. Mai wannan tafin shi ne babban ɗan marigayi mai shagon, wanda maƙwabta ke kira Tsawa, amma a bayan idonsa. Mutum ne da Allah ya ba shi ƙira da murya ya rage masa haƙuri. Ƙaninsa Auta, duk da ya yi aure har da 'yarsa guda, bai wuce a kai masa hannu a gaban masu saye ba.

Auta ne mai kwamfuta. Shi ke zana furannin ƙofa a allo, ya tura wa injin, injin ya sauke haƙorinsa na ƙarfe cikin katako yana bin zanen. Idan injin ya gama, Auta ya ɗauki wuƙar sassaƙa ya bi lungunan da haƙori ba ya shiga, ya fitar da jijiyar kowane ganye. Don wannan aikin hannu ake tsallake shaguna a zo nasu, kuma Tsawa ya sani, sai dai ba zai faɗa ba ko da wuƙa a wuyansa.

Matsalar ita ce kwamfutar ta tsufa, kuma tana suma. Ana cikin aiki sai allo ya ƙame, injin ya tsaya cak da haƙorinsa a nutse cikin katako. Ba a kashe ta daga bango, don idan aka kashe, injin zai manta inda ya tsaya, ƙofa ta tashi a banza. Don haka suka ƙirƙiri tasu dabarar. Auta zai kwanta a kan teburin injin, ya zura hannu ya share garin katakon da ya toshe ramin, ya sassauta haƙorin don kada ya karye idan ya motsa. Sai ya janye ya ce, “Na fita.” Tsawa ya ɗauke akwatin da mari, kwamfuta ta farfaɗo, aiki ya ci gaba.

Amma wani lokaci takan farfaɗo da kanta, ba ta jira mari ba. Haka haƙorin injin ya ci kan ɗan yatsan Auta na tsakiya, a hannun dama. Ranar Tsawa ya ɗaure masa da tsumma, ya ce ai laifinsa ne da ya cika nawa.

Abin da ya sa aka kira mai gyara, ba yatsa ba ne. Ƙofar wani babban mai saye ce ta lalace, da injin ya farka ya yi ta kansa ya ja layi a tsakiyar fure, bayan ya yage wa Auta hannun riga har gwiwar hannu. Mai gyaran siriri ne mai sanyin magana, Tabarau ake ce masa. Ya duba ya duba, sannan ya share gilashinsa da gefen riga.

“Maigida, ƙarfen kwamfutarku lafiyarsa lau. Babbar manhajar da ke tafiyar da ita ce ta gaji. Masu yin ta ma sun daina kula da ita. A ɗora sabuwa.”

“In an ɗora fa?” in ji Tsawa.

“In an ɗora, wannan suman zai tafi. Za ta yi sauri, kuma ba mai sake zura hannu a ƙarƙashin haƙori.”

“To ɗora mana, me kake jira?”

“Tsaya ka ji sauran.” Tabarau ya ɗan ja baya, don ya san gidan da ya shigo. “Injin nan naku tsoho ne. Da tsohuwar manhajar ya saba magana. Yana iya jin yaren sabuwar, yana iya ƙi. In ya ƙi, to ya zama teburin ajiye kaya. Kuma idan an fara ɗorawa ba a katsewa. Wuta ta yanke a tsakiya, tsohuwar ta tafi, sabuwar ba ta zo ba.”

“Wato caca za ka yi min da injin ubana.”

“Ban ce caca ba. A ganina zai yi aiki. Rantsuwa ce dai ba zan yi ba.”

Auta ya yi ta maza ya sa baki. “Yaya, ni dai a ganina a gwada. Hannuna ne ke shiga wajen nan, ba na kowa ba.”

Bai rufe baki ba ya ji mari, irin wanda kwamfuta ke sha, har sai da kunnensa ya yi ƙara. Tsawa ya ɗauki jakar Tabarau ya wurga ta tsakiyar titi, sukurori suka watse cikin kwata.

“Injin nan shi ya ciyar da kai har ka yi gemu! Yatsa guda ka rasa kake min kuka kamar wanda aka yanke wa wuya? Wanda ya taɓa min kwamfuta sai na karya shi, wallahi!”

Auta ya fita taya mai gyaran tsince kayansa. Suna durƙushe a bakin kwata, Tabarau ya tura masa wani ɗan filashi a tafin hannu.

“Na kwafe muku zanukanku duka, suna wajena. Sabuwar manhajar tana cikin wannan. Ka soka, ka bi abin da ta ce. Amma ka tuna, in ta fara kada kowa ya taɓa filogi.”

Filashin ya daɗe a aljihun Auta, yana auna abin a ransa. In ya ɗora injin ya ƙi, ya kashe sana'ar gida biyu, kuma matar yayansa da 'ya'yanta ba su yi masa komai ba. In bai ɗora ba, yau ko gobe haƙorin zai same shi a wuyan hannu. Yana tsoron yayansa, wannan ba abin ɓoyewa ba ne, tun suna yara yake tsoronsa. Amma kullum da safe idan zai raka 'yarsa makaranta, guntun yatsan nan take kamawa, wai ya fi daidai da hannunta. Wata safiya ta ɗago kai ta tambaye shi, “Baba, in injin ya cinye sauran, me zan riƙe?” Ya yi dariya ya ce injin ya ƙoshi. Da ya juyo shi kaɗai, sai ya zura hannu aljihu ya taɓa filashin.

A ranar kwamfutar ta sake suma. Ya kwanta ya zura hannu, yana share gari, sai ya ji injin ya yi wani ɗan nishi a kusa da kunnensa. Ya fizge hannu, haƙorin ya juya a inda yatsunsa suka bari. Tsawa ko a jikinsa, cewa ya yi, “Ka gani, yau ma ta hutar da ni.”

Da rana Tsawa ya tafi kasuwar katako, tafiyar da kan cinye masa yini. Auta ya jawo ƙofar shago, ya zauna, ya soka filashin. Allo ya tambaye shi ko ya tabbata. Ya dubi guntun yatsansa, da shi ya danna. Wani shuɗin layi ya bayyana yana rarrafe daga hagu zuwa dama, a ƙarƙashinsa an rubuta kada a kashe.

Layin bai kai rabi ba aka banko ƙofa. Ashe motar katakon ba ta iso ba, Tsawa ya dawo da ɓacin ransa. Ya tsaya yana kallon allo. Karatu bai dame shi ba, amma ya san fuskar kwamfutarsa, kuma wannan ba ita ba ce.

“Me ka yi?”

“Yaya, ka tsaya ka ji. Ta riga ta fara. In ka bari ta gama...”

Naushin ya same shi a baki, ya kifa da kujera. Kafin ya miƙe Tsawa ya ɗaga hannu zai mari akwatin, don iyakar gyaran da ya sani ke nan. Auta ya yi tsalle ya rungume masa ƙugu, suka zube kan tulin katako. Tun da aka haife shi bai taɓa riƙe yayansa da faɗa ba, shi kansa Tsawa sai da mamaki ya tsayar da shi na ɗan lokaci. Daga nan idonsa ya rufe. Ya shaƙe Auta ya haɗa kansa da ƙafar teburin injin, ya sake haɗawa. Gwangwanin fenti ya kife, ƙusoshi suka watse a ƙasa. Auta ya lalubo guntun katako ya kwaɗa masa a goshi, fata ta fashe, jini ya sauko wa Tsawa har cikin ido.

“Ni ka fasa wa kai? Ni?”

“Ka bari ta gama, Yaya! In ka kashe yanzu mun rasa duka biyun!”

Amma wa yake faɗa wa? Tsawa ya ture shi ya nufi bango, inda filogin yake. A tunaninsa in ya zare, komai zai koma yadda yake da safe. Auta ya rarrafa cikin fenti da ƙusoshi ya riga shi isa, ya kifa tafin hannunsa na dama a kan filogin, ya danne shi da bango.

“Cire hannunka.”

“Ba zan cire ba.”

Tsawa ya ja shi ta wuyan riga, rigar ta yage. Ya tattake shi a haƙarƙari. Ya murɗe masa hannun hagu har sai da ya yi ƙara. Hannun daman nan bai motsa ba. Maƙwabta sun cika bakin ƙofa suna “Haba maigida, ɗan'uwanka ne fa,” amma ba wanda ya tako ciki, kowa ya san hannun mutumin. A kan benci akwai gudumar katako da suke buga ƙofofi da ita. Tsawa ya ɗauka.

“Na ce cire.”

Auta ya waiga ya dubi allo. Layin ya kusa ƙarshe, saura kaɗan. Ya dubi yayansa, jini ya rufe masa ido guda, ya ce, “Ban fita ba, Yaya.”

Gudumar ta sauka a kan hannun. Ƙarar da ta yi ba ta da yawa, kamar an taka busasshen kara. Ta sake sauka. A ta biyun ne wani mai walda ya yi kukan kura ya kama Tsawa ta baya, sauran suka samu ƙarfin hali suka danne shi. Auta ya sulale ƙasa. Bugun ya ƙara tura filogin cikin soket, ya zauna daram. Kafin a ɗauke shi ya ji kwamfutar ta yi wani ɗan kiɗa mai daɗi da bai taɓa ji ba, allo ya yi haske.

A asibiti likita ya ɗaga hoton ƙashin ya nuna masa. Ya ce hannun zai zauna, ba za a yanke ba, amma yatsun ba za su sake dunƙulewa su riƙe abu ba. Auta ya tambaya ko da wuƙar sassaƙa, likitan ya ce ko da cokali sai ya koya da hagu. Bai yi kuka a gaban likitan ba, sai da aka ja labule.

Tsawa ya zo bayan an kwana biyu, da filasta a goshi da ledar lemo a hannu. Ya tsaya a ƙarshen gado kamar wanda aka aiko. Bai iya ba da haƙuri ba, bai taɓa koya ba. Ya ajiye ledar, ya yi gyaran murya.

“Mai gilashin nan ya zo ya mayar da zanukan. Injin ya karɓa.”

Auta ya kawar da kai, Tsawa ya ci gaba.

“Tun ranar kwamfutar take aiki. Ba ta tsaya ba ko sau ɗaya. Har tsohuwar ƙofar nan da ta lalace mun sake ta.” Ya sosa filastarsa. “Sai dai mai ita ya ƙi ɗauka. Wai ganyen ba su da jijiya. Na ce masa ya yi haƙuri, kana dawowa za ka bi su da hannu.”

A lokacin matar Auta ta shigo da 'yarsu. Yarinyar ta ruga bakin gado ta miƙa hannu ta ɓangaren da ta saba, ta tarar da farin dunƙulen bandeji. Ta zagaya shi da ido tana neman inda za ta kama. Auta ya miƙo mata hagu ta saman cikinsa, ta riƙe, amma fuskarta ta nuna ba haka take so ba.

Tsawa ya bi hannun yarinyar da kallo, ya tsaya a kan bandejin. Sai a sannan ya tambaya, a hankali, da muryar da ba wanda ya san yana da ita.

“Me likitan ya ce?”

“Ya ce na fita, Yaya,” in ji Auta. “Kana iya marinta.”