Cikin Radiyya Ya Daina Girma

Malama Hindatu, nas ɗin ɗakin awo a asibitin Illela, ta ɗora tef a cikin Radiyya ta auna, ta sake aunawa. Cikin ya shiga wata tara, amma tun awon da ya wuce bai ƙara komai ba. Hoton cikin ma haka ya nuna: ɗan ƙarami ne, ruwan da yake kwance a ciki ya ja baya.

Inna Yelwa, uwar mijin Radiyya, da ta rako ta tun daga ƙauyen Araba, murna ta kama yi. A wurinta ƙaramin ciki rahama ne, haihuwa ba wahala. Ta ce ita ma haka ta haifi Halilu, mijin Radiyya, ɗan tsurut, ga shi yau yana dakon buhun albasa a Ƙonni.

Hindatu ba ta da haƙurin dogon labari. Ta tambayi Radiyya ko ɗan yana motsi kamar da. Radiyya ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin hijabi. Cikin fari ne, kuma a gidansu mace ba ta zancen ɗan fari gaban surukarta, ko da wuta ta kama zanenta. Inna Yelwa ta amsa mata, wai lafiya lau yake motsi, sai ka ce a jikinta yake.

Ran Hindatu ya ɓaci, amma ta danne. Ta roƙi tsohuwar ta ɗan jira a waje.

Ƙofar na rufuwa Radiyya ta fashe da kuka. Tun shekaranjiya motsin ya ragu, tsoro ya hana ta barci, ta rasa wa za ta gaya wa.

Likita ya zo ya duba, ya yi bayani ba kwana-kwana: abinci ba ya isar ɗan a ciki, jira na iya sa a rasa shi, gara a sa ruwan naƙuda yau. Aka nemi Halilu a waya, layinsa na Nijar bai shiga ba. Inna Yelwa ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa, ta ce a bari sai mai gida ya dawo.

"Mi za mu jira, Inna?" in ji Radiyya. "Ɗana na. Ku sa min ruwan."

Inna Yelwa ta kau da kai kamar ba ta ji ba, don kada yarinyar ta ji kunya. Sannan ta tambayi Hindatu zane nawa za a kawo don haihuwar.