Garaɓasar Shagon Clarrie

Yayana Clarrie Penhale bai taɓa buɗe shago washegarin Kirsimeti ba, sai shekarar da ya ga layin mutanen birni a ƙofar shaguna a talabijin. Mahaifinmu ma da ya bar masa shagon bai taɓa buɗewa ba. A garinmu, Port Kallow, da an tashi daga aiki jajibirin Kirsimeti kowa ke jan ƙofarsa, sai bayan sabuwar shekara. Mai burodi ya tafi kamun kifi, mai aski ya tafi wurin surukansa, wanda ya manta bai sayi batir ba ya nemi aro a maƙwabta.

Shagon Clarrie irin wanda ake samun komai ne in an yi haƙurin tonawa: ƙugiyar kamun kifi, hular rana, silifas, bokiti, igiya, tukwane. Shi da matarsa Glenys sun fi daɗewa a cikinsa fiye da gidansu, don haka a hankali kayan gida suka yi ta ƙaura suna komawa can. Kujerarsa mai lilo tana bayan kanta, rediyonsa yana gefe, keken ɗinkin Glenys kuma yana lungu kusa da taga.

A wannan shekarar 'yarsu Narelle ta haihu a birnin Adelaide, kuma Glenys ta gama shiri: a ci abincin Kirsimeti a gida, washegari da sassafe a kama hanya. Ana saura 'yan kwanaki sai ga Clarrie ya shimfiɗa wani ƙaton farin ƙyalle a tsakiyar shago yana rubutu da jan fenti. Ina wurin, na shigo shan shayi.

"Me kake rubutawa?" in ji Glenys.

"Garaɓasa. Washegarin Kirsimeti zan buɗe."

"Washegarin Kirsimeti muna hanya."

"Jaririn ba gudu zai yi ba, Glenys, ko zama bai iya ba. Ba ki ga 'yan birni ba? A ƙofar shaguna suke wayar gari. Mu kuma mu kulle, baƙin da suka zo shan iskar teku su yi ta yawo ba inda za su sayi ko hula."

"Mutum ya huta sau ɗaya a shekara, shi ne ya zama laifi?"

"Ni ban ce na gaji ba."

Ta taso ta tsaya a kansa ta karanta abin da ya rubuta: KOMAI DA KE CIKIN SHAGON NAN RABIN KUƊI.

"Komai?" ta ce.

"Komai. Haka ake rubutawa."

"To," ta ce, ta koma kan kekenta.

Na san Glenys tun muna 'yan mata. In ta yi faɗa, magana ta wuce. In ta ce "to" ta koma ɗinki, ya kamata mutum ya riƙa waiwaye. Clarrie ya yi shekara da shekaru da ita amma har yau bai koyi wannan ba.

Da ya rataye ƙyallen, gari ya ɗauka. Wanda ya fi kowa zafi shi ne Merv Trezise, tsohon mahauci, abokin Clarrie tun makarantar firamare, wanda ba su taɓa yarda da juna a kan komai ba. Ya tsaya a bakin titi yana nuna ƙyallen da sandarsa.

"Kai ka buɗe bana, baɗi mai burodi ya buɗe don kada a bar shi a baya. Shekara ta gaba yarinyar da ke masa aiki ta ci Kirsimeti a gaban tanda. Da mahaifinka na raye da ya kifa maka ɗaya daga bokitan nan a ka."

"Wanda ba ya so kada ya zo," in ji Clarrie.

"Au, zan zo," in ji Merv.

Ranar Kirsimeti aka yi zafi kamar a cire fata. Muka ci jatan lande da naman alade mai sanyi a barandarsu, Glenys tana ta ƙara wa mijinta a faranti. Da la'asar ta ce bari ta leƙa shago ta manna masa takardun farashi, shi ya kwanta ya huta don gobe akwai aiki. Clarrie ya miƙe ƙafa ya dube ni.

"Kin gani ko, Dulcie? In aka yi wa mace bayani a hankali tana ganewa."

Na ce na gani, kuma gobe zan zo in taimaka a kanta. Ko biyana aka yi in zauna a gida ranar ba zan zauna ba.

Da safe kafin a buɗe mutane sun cika bakin ƙofa. Clarrie ya leƙa ta taga yana murza hannu. Abin da bai lura da shi ba, baƙi kaɗan ne a ciki, sauran duk 'yan gari ne, kuma kowa na ƙoƙarin ɓoye dariya. Daga baya na ji cewa Glenys ta yi 'yan kiraye-kiraye a waya.

Merv ne ya fara shigowa. Bai dubi bokiti ba, bai dubi hula ba. Ya zagaya bayan kanta kai tsaye ya tsaya a kan Clarrie, wanda ya riga ya zauna.

"Tashi."

"In tashi in je ina?"

"A kan kujerata kake."

Clarrie ya waiwaya. Ga 'yar takardar farashi tana reto a bayan kujerar, da rubutun Glenys mai kyau.

"Wannan ba ta sayarwa ba ce, Merv. Tawa ce."

"A cikin shagon take ko a waje?"

"A ciki, amma..."

"Taho mu fita in karanta maka ƙyallenka, ko idon ne ya fara tafiya?"

Abin da ya kayar da yayana shi ne abin da yake taƙama da shi. Kullum yana gaya wa kowa cewa a shagon Penhale ba a taɓa faɗin magana a janye ba. Ga shi rabin gari sun zuba masa ido. Ya tashi a hankali. Glenys ta karɓi kuɗin Merv ta tambaye shi ko a naɗe masa ko haka zai ɗauka.

Clarrie ya kifa bokiti ya zauna, ya kunna rediyo don an fara wasan ƙwallon kurket, wanda bai taɓa bari ya wuce shi ba a irin wannan rana. Ana cikin haka wani baƙo, wanda rana ta ƙone wa hanci ya yi jawur, ya ɗaga rediyon ya juya shi, ya ga takardar farashi a ƙasansa.

"Yana aiki kuwa?"

"Ba ka ji yana magana ba?" in ji Glenys. "Har batir a ciki."

Mutumin ya biya ya fita da shi a kunne. Muna jin muryar mai sharhi tana yin nisa a kan titi, daidai lokacin da ya fara ɗaga murya alamar wani abu ya faru a filin wasa. Clarrie ya bi shi har bakin ƙofa yana karkata kunne, bai ji ƙarshen ba.

Daga nan abin ya zama wasa. Kofin shayinsa ya tafi. Hularsa ta kamun kifi ta tafi. Har tabaransa Glenys ta ɗaura wa takarda a ƙafa ɗaya, Allah ya taimake shi yana kan hancinsa. Mutum zai ɗauki abu ya tambayi Glenys, "Wannan na Clarrie ne ko na shago?" In ta ce na shago ne sai ya ajiye. Silifas da tukwane suna nan inda suke, ba wanda ya kula su.

Ni ma ban zauna haka ba. Akwai agogon bango na mahaifinmu, wanda Clarrie ya riƙe tun rasuwarsa da hujjar cewa agogo da bangon shago abu ɗaya ne. Na hau tsani na sauke shi, na biya.

"Har da ke, Dulcie?"

"Kai ka rubuta, ni karantawa kawai na yi."

Wajen hantsi Glenys ta ce bari ta je gida ta kawo mana ruwan sanyi. Ba ta daɗe da fita ba Beryl Hocking ta shigo tana fifita da jarida. Beryl da Glenys ba sa ga maciji tun shekarar da kek ɗin Beryl ya zo na ɗaya a bikin baje kolin amfanin gona, Glenys kuma ta faɗa a gaban mutane cewa garin kek na kwali aka kwaɓa. Tun daga nan in sun haɗu a coci kowace sai ta sami abin dubawa a cikin jakarta.

Na ga Clarrie ya dubi Beryl, ya dubi lungun taga. Na ce masa, "Clarrie, kada ka soma." Ya yi kamar bai ji ba. Ya miƙe daga kan bokitinsa da fara'a irin wadda bai yi ba tun safe.

"Beryl, ina ce kina neman keken ɗinki?"

Shi da kansa ya ɗauka ya kai mata mota.

Glenys ta dawo da tulun ruwa, ta ajiye, ta ga lungun wayam.

"Ina kekena?"

"Komai, Glenys. Ke ma kin tambaya na gaya miki."

"Wa ya saya?"

"Beryl."

Keken na mahaifiyar Glenys ne, a kansa ta ɗinka rigar bikinta, a kansa ta ɗinka wa jaririn Narelle kayan da ke cikin jaka. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce "to" ba. Ta nemi wuri ta zauna a kan bokitin da ya tashi, ta zuba hannuwa a cinya. Masu kallo suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Clarrie ya tsaya yana sosa ƙeya. Sannan ya fita, muka ji ƙarar yagewar ƙyalle, ya dawo da shi a dunƙule ya jefa bayan kanta, ya ɗauko makulli. Rana ba ta ma kai tsaka ba.

"Tashi mu je," ya ce mata.

Na shige bayan mota ba tare da an gayyace ni ba.

Gidan Merv yana kan hanya, don haka muka fara tsayawa can. Yana baranda yana lilo a kujerar, ya juyo da talabijin ta taga yana kallon kurket.

"Ban taɓa sanin haka take da daɗi ba," ya ce. "Shi ya sa ba ka tashi in mutum ya shigo sayayya."

Clarrie ya ce zai mayar masa da kuɗinsa. Merv ya ce ba ya so. Kujera za ta zauna a wurinsa har sabuwar shekara, in ya ga ƙofar shagon ta kai lokacin a kulle, shi da kansa zai dawo da ita. Matarsa ta fito da ragowar naman jiya ta ce ba mai fita sai ya ci. Clarrie ya ci nasa a tsaye, ido a kan talabijin, har sai da Glenys ta koma mota ta danna hon.

Beryl ta san za mu zo. Ta ɗora keken a tsakiyar teburin cin abinci, kusa da shi ga kek a faranti, ta riga ta yanka.

"Ba na son kuɗi," ta ce. "Zauna, Glenys. Ki ci wannan, ki faɗa a gaban mijinki da Dulcie cewa ba na kwali ba ne, kuma ya fi naki. Sai ki ɗauki kayanki."

Glenys ta zauna. Ta gutsura kaɗan, ta daɗe tana taunawa kamar mai neman tsakuwa a ciki.

"Ba laifi," ta ce.

"Ba shi na ce ki faɗa ba."

Glenys ta goge baki, ta dubi keken mahaifiyarta, ta dubi Beryl.

"Ki riƙa sa masa mai, yana son mai," ta ce, ta tashi ta fita ta shiga mota.

Ni na tsaya a bakin ƙofa, inda nake ganin motar kuma nake ganin teburin. Clarrie ya ja kujera ya zauna, ya jawo farantin gabansa.

"Beryl, ni na sayar miki, ni ya kamata in biya. In na faɗa ya wadatar?"

Beryl ta leƙa ta taga ta ga gilashin motar a sauke. Ta ce ya wadatar, in dai zai ɗaga murya.

Ya cinye yankan ya ƙara wani. Sannan ya gyara murya ya sanar, yadda har maƙwabta suka ji, cewa wannan kek ba na kwali ba ne, kuma tun da yake a duniya bai taɓa cin wanda ya kai shi ba, har da na gidansa. Ya rungumo keken ya fito yana haki. Glenys tana kallon gabanta, ko juyowa ba ta yi ba da ya sa shi a but ɗin motar.

Washegari da sassafe suka kama hanyar Adelaide, na bi su don ni ma ina son ganin jaririn. Clarrie ya yi maganar zafi, ya yi maganar gonakin alkama da aka girbe, ba wanda ya tanka. Sai da muka wuce rabin hanya Glenys ta yi magana, idonta a kan titi.

"Da gaske ya fi nawa?"

"Haba, Glenys. Kamar jiƙaƙƙen soso. Da ƙyar na haɗiye."

Glenys ta juyo ta dube shi.

"Dulcie ta ce yanka biyu ka ci."

Ya dube ni ta madubi. Ni kuwa na juya ina kallon tumaki a gefen hanya.