Tabar da Ummu Salma Ba Ta Sha Ba

Ummu Salma ba ta taɓa sa karan taba a bakinta ba. Mijinta ne ke sha, kuma duk Agege babu wanda ya sani sai ita da 'yarsu Nuriyya.

Malam Shafi'i dillalin shanu ne a mayankar Oko-Oba, mutum mai fara'a da tsabtar tufafi. In liman ya makara, shi ake turawa gaba ya ja salla. Tun kafin ya aure ta yake shan taba, kuma tun a makon amarci ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Ta rufa. Ciki da falo suke haya a wani dogon gida bayan layin dogo, irin gidan nan da ƙofa ke kallon ƙofa, in ka yi atishawa maƙwabci ya ji. Saboda haka in zai sha sai ya rufe taga, ya saki labule, ita kuma ta cusa tsumma a ƙarƙashin ƙofa ta zauna tare da shi. In ya gama ta zuba turaren wuta a kasko. Matan gidan har tsokanarta suke yi, wai ba a gaya mata an gama amarci ba.

Sayowa ma ita ce. Shi ba zai tsaya gaban mai tireda da hularsa da carbinsa ya ce a ba shi taba ba. Ita haifaffiyar Agege ce, Yarbanci a bakinta kamar Hausa, don haka sai ta tsallaka layin dogo zuwa shagon Iya Risi, inda Hausawa ba su cika zuwa ba, ta sayi omo da maggi, sannan ta rage murya ta ce a ƙara mata kwali ɗaya. Ta soke shi cikin hijabi ta dawo. Shekara ashirin da ɗoriya ana haka. Ba ta taɓa ɗaukar abin a matsayin wahala ba. A ganinta wani ɗan sirri ne tsakaninta da mijinta, wanda ko danginsa ba su da shi.

Ranakun Asabar da Lahadi kuwa falon nan cika yake yi da matan unguwa, tana biya musu karatun Alƙur'ani. A can suka fara lura da tarin da take yi. Sai ta ja aya, numfashi ya yanke mata a tsakiya. Aka ce sanyin damina ne, aka ce hayaƙin janareto ne. Ta sha zuma da citta, ta sha maganin kemis. Sai da ta ga jini a hankicinta sannan Nuriyya, wadda ke aure a Ikeja, ta zo ta sa su gaba ita da babanta zuwa asibiti.

Bayan hoto da gwaje-gwaje, likitar, wata Bayarbiya mai sanyin magana, ta zaunar da su ta ce ciwon dajin huhu ne. Ta tambayi Ummu Salma da Yarbanci ko tana shan taba. Ta ce a'a.

"A gidan fa, akwai mai sha?"

Ummu Salma ta dubi mijinta. Yana kallon takalminsa.

"Babu," in ji shi.

Nuriyya ta buɗe baki, uwar ta danne mata hannu. Likitar ta ce ba komai, ciwon yakan kama wanda bai taɓa sha ba, wani daga hayaƙin na kusa da shi, wani daga hayaƙin itace, wani ma ba a gano dalili. A cikin keke a hanyar dawowa Malam Shafi'i ya yi ta share ido da hannun riga. Ummu Salma ta ji tausayinsa. Ta ce a ranta kunya ce ta hana shi faɗa, kuma ita ma da haka ta fi so.

Makonnin farko gida bai rabu da 'yan dubiya ba. Wannan ta kawo kunu, waccan ta kawo farfesu. Aminiyarta Azumi, wadda suka tashi layi ɗaya, kullum tana nan, ita ke mata wanki. Daga baya ƙafa ta fara ɗaukewa. Wata Asabar ta shimfiɗa tabarma ta jira ɗalibanta, mata biyu kawai suka zo, su ma suna ta satar kallon leɓenta da yatsunta. Mako na gaba babu ko ɗaya. Azumi ta koma aiko gaisuwa ta waya. Wata rana a bakin famfo wata maƙwabciya ta ce da wata, da ƙarfi yadda za ta ji, "Ashe turaren nan da dalilinsa."

Ba ta gane ba sai ranar da yayanta Mato ya zo. Mato albasa yake sayarwa a kasuwar Mile 12, ba ya barin rumfa sai da babban dalili. Ya shigo da hantsi, ya ƙi zama a kujera, ya ƙi shan ruwan da ta kawo.

"Salma, me ya kai ki?"

"Me ya kai ni ina, Yaya?"

"Kina koya wa matan mutane Alƙur'ani, kina komawa ɗaki kina busa taba? Da wane ido zan dubi mutane? A kasuwa jiya wani ya ce min, Allah ya ba ƙanwarka lafiya, amma ita ta jawo wa kanta."

Ta ce, "Wa ya ce ina shan taba?"

"Kowa! Matar wani mahauci ta je shagon Bayarbiyar nan ta tsallaken layi, matar ta tambaye ta ina kwastomarta mai hijabi, ta kwana biyu ba ta zo sayen taba ba. Daga nan magana ta bazu."

Ummu Salma ta ɗan saki numfashi. In dai wannan ne, da sauƙi. Malam zai san yadda zai kashe maganar, ko da bai tona kansa ba. Zai iya cewa aike ne, zai iya cewa ƙarya ce. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa.

"Yaya, ka jira Malam ya dawo ka tambaye shi."

"Ai ba sai na tambaye shi ba. A gabana aka tambaye shi, ranar Juma'a, a ƙofar masallaci. Dattawa suka ce, Malam Shafi'i, mece ce gaskiyar abin da ake faɗa a kan iyalinka? Bawan Allah nan ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. Ya ce, ku dai taya ta da addu'a, ni na yi iya ƙoƙarina a kanta, shiriya ta Allah ce. Kowa ya tausaya masa. Ni kunya ta hana ni ko gaishe shi."

Ta nemi bango ta jingina. Tari ya taso mata, ta yi ta yi har ta durƙusa. Mato ya tsaya a kanta, bai san ko ya riƙe ta ba ko ya ci gaba da faɗa. Da ya lafa sai ta ce masa ya je, za ta kira shi.

Malam Shafi'i ya dawo bayan la'asar da ledar lemo a hannu. Ya tarar da ita zaune a bakin gado, ba ta ɗora girki ba.

"Ya jikin? Kin sha maganin rana?"

"Malam, me ka gaya wa mutane a masallaci?"

Ya ajiye ledar a hankali. Ya cire hula, ya mayar.

"Wa ya zo nan?"

"Yaya Mato."

"Ni ban ce kina sha ba. Ki tambayi kowa, ban furta haka ba."

"Ka ce ka yi iya ƙoƙarinka a kaina."

"Sun tsare ni ne, Salma. Liman yana wurin, Sarkin Fawa yana wurin. Kin san ana maganar ba ni na'ibin liman. Me kike so in ce? In ce ni ne, ni na sa wa matata ciwo? Wa zai ƙara bin sallata? Wa zai ƙara ba ni amanar dabbarsa?"

"Da ka ce ƙarya ne. Shi ke nan. Ba ka ma buƙatar ka ce kai ne."

"Da sun ce to wa take saya wa?"

Ta dube shi. Wato ya riga ya auna wannan tun kafin a tambaye shi. Ba firgita ba ce ta sa maganar ta kuɓuce masa.

Ya matso ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya, irin muryar da yake roƙonta da ita ta tsallaka layi in kwalinsa ya ƙare.

"Ki yi haƙuri. Magana ce, za ta wuce. Ke yanzu kina gida, ba fita kike yi ba, ba abin da zai rage ki. Ni ne nake cikin mutane."

Wannan ce ta fi yi mata ciwo. Ta gane a lissafinsa ita ta riga ta tafi, mutuncinta kaya ne da ba za ta ƙara buƙata ba, don haka ya ɗauka ya rufe nasa da shi. Ta tashi ta jawo jakarta daga ƙarƙashin gado ta fara ninke zannuwa. Ya yi ta magana a bayanta, yana rantsuwa ya daina sha tun ranar asibiti. Ba ta juyo ba. Ta kira Nuriyya ta ce ta zo ta ɗauke ta.

Nuriyya da ta ji abin da ya faru, a tsakar gidan ta so ta tsaya ta faɗa wa kowa. "Umma, a ɗakin nan na girma! Da warin nan nake tafiya makaranta! Wallahi sai na faɗa." Uwar ta ce ta ɗauki jaka su tafi, ba ta da numfashin hayaniya. Matan gidan suna leƙe ta labule har suka fita. Babu wadda ta ce Allah ya kiyaye hanya.

Daga Ikeja ta ci gaba da zuwa asibiti ana ɗaura mata ruwan magani. Gashinta ya zube, abinci ya daina yi mata ɗanɗano. A ɗakin da ake ɗaura ruwan takan haɗu da wani dattijo, Nassirou, mutumin Nijar, mai gadi a wani kamfani. Shi kam ya sha taba, bai ɓoye ba. Kullum shi kaɗai yake zuwa.

"'Yan'uwana sun ce ni na saya da kuɗina," ya ce mata wata rana yana dariya. "To na saya. Amma ciwon ai ciwo ne, Hajiya."

Tun daga ranar take sa Nuriyya ta zuba kunu a kofi biyu. Ta daɗe tana tunanin maganarsa. Da tana ta ƙuna ne saboda an yi mata ƙarya. Yanzu sai ta ga ko da gaskiya ne ta sha, matan da ta koya wa Fatiha ba su da hujjar barin ta ita kaɗai da tabarma a shimfiɗe.

Nuriyya ba ta iya haƙuri ba. Ta je Mile 12 ta gaya wa kawunta komai. Mato ya zo har Ikeja ya durƙusa a gaban ƙanwarsa yana kuka, daga nan ya wuce Agege ya tare surukinsa a gaban mutane. Malam Shafi'i ya ce ɗan'uwa dole ya kare 'yar'uwarsa, shi ba zai yi jayayya da mai jinya ba. Wasu suka yarda da Mato. Da yawa suka ce 'ya da wa ai ba za su faɗi laifin tasu ba, kuma ita dai aka gani a shago. Bayan ƙaramar salla aka ba Malam Shafi'i na'ibi.

Azumi ta zo sau ɗaya, da kwanon dambu. Ta zauna a bakin kujera tana murza gefen mayafi.

"Ni fa ban taɓa yarda ba, Salma."

"Amma ba ki zo ba."

"Maigidana ne ya hana. Ya ce kada a ce ni ma..."

"Na gane. Na gode da dambu."

Shi ma Malam Shafi'i yakan zo, duk ranar Lahadi, da ledar lemo. Mijin Nuriyya ya karɓe shi a falo, su gaisa, su yi hirar cunkoson hanya. Ummu Salma tana jin muryarsa daga ɗaki, muryar da ta fi sani a duniya. Wani lokaci har zuciyarta ta motsa, ta ji kamar ta tashi ta tambaye shi ko ya ci abinci, wa ke masa wanki. Sai ta tuna shi a ƙofar masallaci yana hawaye a gaban dattawa, ta koma ta kwanta.

Bai sake ta ba, ita ma ba ta nemi saki ba. Likita ta ce ƙarin da ke huhunta ya ɗan ja baya, a ci gaba da magani a gani. Ranar da suka dawo da wannan labarin Nuriyya ta tambaye ta ko a kira Baba a gaya masa.

"Ki gaya masa," in ji Ummu Salma. "Ki kuma ce ya aiko min da sauran kayana, da Alƙur'anina mai koren bango. Yana kan durowa."