Harshen Lateef

Da na shiga zauren, Lateef ya riga ya danne Aƙilu wanzami a ƙasa yana kirɓa masa naushi. Zabira ta zube, asake sun watse. Sai da mu uku muka ɓamɓare shi. Lateef yana ƙoƙarin zagi, amma jini da yawu kawai ke fitowa daga bakinsa.

Lateef maƙwabcina ne a Funtua, nan aka haife shi. Ɗan kamasho ne a tashar Malumfashi, in ya kira fasinja har bakin kasuwa ana jin muryarsa. Abin ya fara da ɗan gyambo a gefen harshe, bai fi ƙwayar dawa ba. Ni na raka shi asibiti Zariya. Suka yanki kaɗan suka duba, likita ya ce ciwon daji ne. Ƙarami ne, amma irin wanda ke narkar da naman da ke kewaye da shi ya buɗe wa kansa hanya. Ya ce a cire rabin harshen tun yanzu.

"Malam Mati, to da me zan kira mota?" ya ce da ni a hanyar dawowa.

Bai koma asibiti ba. Ya je wurin Aƙilu, shi kuma ya ƙona wurin da jan ƙarfe. Kafin a gama cin kasuwar auduga, wuyansa ya kumbura, magana ta ɗauke.

Bayan dukan da ya yi wa Aƙilu bai ƙara fita ba. Ya farfasa rediyonsa da taɓarya. Wata rana ya jefi matarsa Silifat da kwanon koko, goshinta ya tsage. Na ce ta dawo gidanmu ta huta kwana biyu, ta ƙi.

"Baban Nana, ba ni yake jifa ba," ta ce da ni.

Ran nan da hantsi ta aiko a kira ni. Jijiya ta fashe a wuyansa. Na danne wurin da zane, jini na ratsa yatsuna. Ya yi ta shure-shure, ya damƙe hannuna har farcensa ya shige. Na yi ta maimaita masa kalmar shahada, leɓensa na motsi, har ya saki hannun.

Da muka dawo daga maƙabarta, Silifat ta wanke tabarmar da ya cika a kanta ta rataye a igiya. Ruwa na ɗiga daga gefenta, kaji biyu suna sha.