Sararin da Shafi Ya Haɗiye

Akawu bai taɓa karya alkawari ba, kuma ba da furfura zai fara ba. Ranar da aka sallamo matarsa Malama daga asibiti, ɓarin jikinta na dama a shanye, baki a karkace, ta damƙi hannun rigarsa, ta yi ta kokawa da harshe har maganar ta fito: kada ya kuskura ya gaya wa Auta. Auta ɗansu ne, yana can wata uwa duniya, bai daɗe da samun aiki ba. Akawu ya ce to. Alhali likita ya riga ya ja shi gefe ya ce irin wannan ciwo yakan dawo, duk mai son ganinta ya zo tun da wuri.

Gaba kura, baya sayaki. In Auta ya bugo waya, sai Akawu ya ce tana barci, ko ta shiga wanka. Matar da ta yi shekaru tana cika aji da murya, yanzu kafin ta ce "ruwa" sai ta yi gumi. Abin yana cin Akawu a rai ƙwarai.

Akwai wani shafin iyali a intanet da 'yar ƙanensa ta haɗa, inda kowa ke zuba labarinsa da hotunan 'ya'ya. Malama ta saba saka saƙo duk mako, Auta kuwa ba ya fashin karantawa. Ta ce a ci gaba, kada yaro ya yi zargi. Ita ta faɗa, shi ya buga.

Nan dabara ta faɗo wa tsoho. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa a kan keken rubutu ya san duk danna dogon maɓallin nan na ƙasa, takarda sai ta matsa. Sai ya zauna a bakin gado da tsohuwar kwamfutar da Auta ya bari. In Malama ta furta kalma, ya buga. In harshe ya maƙale, sai ya yi ta danna maɓallin, ƙwas, ƙwas, ƙwas, har kalma ta gaba ta samu fitowa. Bai ƙara harafi ba, bai rage ba. Saƙon ya fito duk giɓi, kamar bakin tsohuwa. Ya ce a ransa, ɗan da ya sha nonon matar nan ba ya ganin wannan ya kasa ganewa.

Ya tura. Ya buɗe shafin ya duba, sai ga magana sumul, kalma na bin kalma: "Auta ina lafiya kada ka damu ka kula da aikinka." Giɓi ko ɗaya babu! Kafin yamma amsar Auta ta iso: Umma garau ke nan, hankalinsa ya kwanta, zai ɗaga hutunsa zuwa baɗi.

Baɗi! Akawu ya zura takalmi, bai tsaya ko'ina ba sai shagon 'yar ƙanen nasa, wani siririn ɗaki tsakanin mai aski da mai gyaran waya, fanka na ta gurnani a kusurwa. Uwata yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa ta ci.

"Uwata, shafin nan naki ɓarawo ne. Na ba shi ajiya ya cinye."

"Kai, Baffa! Me ya sata?"

Ya faɗa mata. Ta yi dariya, ta ce ai haka shafukan intanet suke, ko sarari nawa ka jera, ɗaya suke ɗauka su watsar da sauran, don kada hannu mai rawa ya ɓata tsari. "Taimakonka ya yi, Baffa. Zamanin keken rubutu ya wuce."

"Taimakon da ya fi ƙarfina ke nan. Buɗe ki ga abin da na buga."

Ta buɗo ainihin rubutun yadda ya shigo. Dariyar ta ɗauke. Dama ta riga ta je duba Malama, ta san yadda take magana yanzu. Ta bi layin da yatsa, ta tsaya a kan wani dogon fili tsakanin "ina" da "lafiya", idonta ya ciko.

"Ta hana ka faɗa masa, ko?"

"Ni dai ban ce komai ba. Ke ma ba ki ji komai ba."

Ta share ido da gefen gyale, ta jawo kujera kusa. Ta ce akwai wani sarari mai taurin kai, ba da maɓalli ake yinsa ba, da wasu 'yan haruffa ake rubuta shi. Shafi ba ya haɗiye shi, kuma ba ya yarda a tsinka layi a kansa. Amma sai an saka shi ɗaya bayan ɗaya.

"Saka," in ji Akawu. "Nan ƙara. Ƙara dai. A nan ta fi daɗewa, har na ba ta ruwa."

Suka yi ta yi, mai aski na leƙowa yana tambaya ko lafiya. Da suka gama, saƙon ya koma yadda Malama ta faɗe shi, da wahalarsa duka. Suka sake tura shi.

Akawu bai kai ƙofar gida ba waya ta yi ƙara. Auta ne, babu ko gaisuwa.

"Baba, tun yaushe?"

Akawu ya yi shiru. Can Auta ya ce, "Ina tafe."

Ranar da ya iso, ya yar da jaka a tsakar ɗaki, ya durƙusa ya kifa kai a cinyar uwarsa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Malama ta ɗora hannun hagu a kansa, ta ɗago ido ta harari mijinta, ta buɗe baki da ƙyar.

"Ka..." Akawu ya jira, kamar yadda ya saba jira. "...faɗa."

"Wallahi ban faɗa ba, Malama. Ke kika faɗa, ni bugawa kawai na yi."

Ta so ta yi masa faɗa, amma maganar ta yi mata nisa. Sai ta ƙara riƙe kan ɗanta, ta ƙi saki.